Odar Motar Tsere Zuwa Kaduna: Inda Ya Kamata Kuɗin Su Tafi

Duk mai bin titin Isa Kaita ko layukan Unguwar Rimi da yammacin Lahadi ya san wannan kallo. Mota mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta, ta iso tudun rage gudu ta tsaya cak. Direba ya karya sitiyari, ya hau tudun a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, mai Keke Napep a bayansa ya danne hon ba ɗagawa. Duk da wannan lallaɓawa sai ka ji ƙarar kartar leɓen bamba a jikin siminti, 'yan acaba su kwashe da dariya. Motar da aka ƙera don gudun kilomita 300 a awa ta gagara tsallake tudun da tsohuwar Golf ke hayewa ba tare da mai ita ya katse hira ba.

Mutane kan ɗora laifin a kan tudun. Ni ina ganin an tafka kuskuren ne tun watanni shida baya, ranar da aka zauna gaban kwamfuta ana cike takardar oda, dillali na cewa "ranka ya daɗe, a sa wannan, shi ake yayi." Ra'ayina shi ne mafi yawan masu yo odar irin waɗannan motoci zuwa Arewa suna zuba kuɗi a kan abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji, su bar abin da titi da fetur da ranar Kaduna za su tambaya. Kuma wasu daga cikin zaɓin nan ba mai mota kaɗai suka shafa ba, har da maƙwabcinsa da mai tsallaka titi.

Na san akwai mai cewa ana fama da kuɗin masara wa ke ta motar tsere. Maganarsa tana kan hanya. Sai dai motocin suna shigowa ko mun yi magana ko mun yi shiru, kuma lissafin da ke ciki shi ne lissafin duk wanda zai sayi sabuwar mota dal daga waje, ko da Camry ce.

Farashin da kamfani ke tallatawa na gundarin mota ne. Kamfanoni irin su Porsche suna da jerin ƙare-ƙare mai shafuka da yawa, tun daga launin zaren ɗinkin kujera har zuwa irin birki, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya tashi daga kan kwamfuta ya ga ya ƙara rubu'in kuɗin motar. A Jamus nan maganar ta tsaya. A nan kuwa kowace dala da ka ƙara za ta haifi 'ya'ya: kuɗin fito na kwastam kaso ne na jimillar darajar mota da kuɗin jirgi da inshora, harajin VAT na kashi 7.5 zai hau kai, sannan cikakkiyar inshora ita ma kaso ce ta darajar motar, kuma duk shekara ake biyanta. Ranar sayarwa kuma mai saye a Abuja ba zai ƙara maka ko sisi ba don bel ɗin kujera ja ne. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowane layi a takardar ita ce: in ban sa shi yanzu ba, ana iya sa shi bayan mota ta iso? In ana iyawa, a bar shi. In ba a iyawa kuma titinmu na buƙatarsa, a biya ko nawa ne.

Kafin a zo kan ƙare-ƙare ma, akwai zaɓin da ya fi kowanne nauyi, wato kasuwar da aka ƙera motar dominta. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun watan Afrilun 1972, dokar hanya kuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, don haka ta Ingila da ta Japan sun fita daga lissafi. Saura ta Turai, ta Amurka, da ta ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Ta Turai mai shan fetur, tun daga wajajen 2018, tana zuwa da matatar toka a cikin salansa. Wannan matata tana son doguwar tafiya da injin mai zafi don ta ƙone abin da ta tara, tana kuma son baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka. Motar da aikinta daga Malali zuwa Barnawa ne sau biyu a mako za ta cika ta, fitilar gargaɗi ta kama, ƙarfi ya ragu. Ta Amurka tana da nata: agogon gudu da mil yake ƙirga, rediyonta a zangon AM tsallen kHz 10 yake yi wajen neman tasha alhali tashoshinmu a tsallen 9 suke, na'urar cajin batir da za ta zo da ita ta wutar 110 ce, kuma dilolin can sukan sa mai saye ya sa hannu cewa ba zai fitar da sabuwar mota waje ba, garanti ma a can yake tsayawa. A ganina wadda aka tsara don ƙasashe masu zafi, ko dai ta hannun dila mai izini a Legas ko ta Gulf, ita ta fi kusa da halinmu. A tabbatar an rubuta kasuwar a takardar oda, kada a tsaya ga "ai duk ɗaya ne, Alhaji."

Sai fetur, kuma nan ne wata lamba ke yaudarar mutane. Man da ke famfunanmu iri ɗaya ne, ƙarfinsa na oktan, wato yadda yake jure matsi a cikin injin, a ma'aunin da ake kira RON yana wajajen 91. Babu famfon 98 a gefe kamar yadda ake gani a Turai, duk da garin nan yana da matatar mai tun 1980. Littafin yawancin motocin tsere na Jamus 98 yake nema, in ta matsa 95. Mutum sai ya buɗe littafin motar Amurka ya ga an rubuta 91, ya ce alhamdulillahi irin namu ne. Ba irin namu ba ne. Amurka da wani ma'auni take ƙirga: 91 ɗinsu kusan 95 ne a namu, 93 ɗinsu kusan 98, namu kuma shi ne 87 ɗinsu, wato mafi ƙasa a famfonsu.

Abin da ke faruwa a cikin injin shi ne man da bai kai ba yana kamawa da wuta kafin lokacinsa, ya buga wa fistin. Injin zamani na da na'urar jin wannan bugu, sai kwamfutar mota ta jinkirta tartsatsin filogi don ta kare shi. Dawakan da ka biya kuɗinsu, wato ƙarfin injin, sun ragu ke nan, shan mai ya ƙaru, salansa ta ƙara zafi. Injin mai turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, a zafin watan Afrilu, da mai 91, da ƙafa a kan totur har ƙasa: wannan haɗin shi ne ke cinye fistin. Don haka duk wani ƙari da aka ce zai ƙara dawakai, ko samfurin da ya fi matse iska, kuɗi ne da man Kaduna ba zai bari ka ci moriyarsu ba. Ford Mustang GT mai injin lita 5.0 marar turbo tana karɓar 87 na Amurka, ko da yake sai da mai mai kyau take ba da cikakken ƙarfinta, kuma wannan kaɗai ya sa ta fi wasu da suka ninka ta kuɗi dacewa da nan. Maganin ƙara oktan na kwalba yana ɗan taimakawa, amma mai sinadarin manganis a ciki yana barin jan datti a kan filogi, yana kashe na'urar auna iskar salansa.

Ƙarin da na fi so a wannan fanni ba ya da kyan gani ko kaɗan: babban tanki. A wasu samfurorin Porsche 911 ana iya ɗaga tanki daga lita 64 zuwa 90. Amfaninsa ba nisan tafiya kawai ba ne, shi ne zai ba ka ikon zaɓar gidan man da ka yarda da shi maimakon wanda tilas ta kai ka. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai methanol na watan Fabrairun 2022 ya san darajar wannan.

Yanzu mu koma kan tudun nan. Tsayin cikin motar tsere daga ƙasa ba shi ne dukan matsalar ba, Corolla ma ba ta fi ta da wani abin kirki ba. Matsalar dogon hanci ne mai leɓe a ƙasa, wanda ke isa tudu tun kafin taya ta fara hawa. Maganinsa na'urar ɗaga gaba, kuma in ƙari ɗaya tak za a sa a motar, to ita ce. A Porsche 911 tana ɗaga hanci da kusan milimita 40. A Chevrolet Corvette ta yanzu, wadda injinta ya koma tsakiya tun samfurin 2020, ita ma kusan hakan take ɗagawa cikin ƙasa da daƙiƙa uku, tana aiki in gudu bai wuce kilomita 38 a awa ba, kuma tana iya haddace wurare har 1,000 ta GPS, ta riƙa ɗaga kanta duk lokacin da ta iso ƙofar gidanka ko mashigar gidan mai. Amma a kula, ba a samunta a mataki na ƙasa na Corvette, sai 2LT ko 3LT. Wanda ya ɗauki 1LT don ya rage kuɗi ya rufe wa kansa wannan ƙofa, domin haɗa ta daga baya aiki ne na famfo da bututu da shokozoba da kwamfuta, ba abin da za a yi a kasuwar masu gyara ta Panteka ba ne, duk da gwanintar mutanen Panteka.

Abin haushi, a shafi ɗaya da wannan na'ura akwai kishiyarta, kuma ita aka fi danna wa: ƙafar tsere mai sauke mota da milimita 10, da leɓen bamba na kabon, wani sinadari mai tauri marar nauyi. Milimita 10 kamar ba komai ba ne, amma shi ne tsakanin wucewa lafiya da barin guntun bamba a bakin kwalbati. Leɓen roba baƙi da ke zuwa da motar an yi shi ne don ya kartu a canza shi da araha. Na kabon ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Abin da ya cancanci kuɗi a ƙafa shi ne shokozoba mai sauya tauri da kanta, irin MagneRide da ake samu a Mustang da Corvette, mai ruwa da garin ƙarfe a ciki wanda maganaɗisu ke daskararwa ko sakewa. A yanayi mai laushi tana shanye faci-facin kwalta yadda ƙafar tsere zalla ba za ta iya ba. Tana da tsadar canji, wannan gaskiya ne, amma tana kare rim da ƙugun mai mota.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan darasi. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri tun 1975 ba don ado ta mamaye Arewa ba, don ƙafarta ta san hanyar burji ne.

Taya kuwa lissafi ne da kowa zai iya yi da wayarsa. Lambar da ke jikinta, misali 305/30, tana nufin faɗi milimita 305, tsayin gefe kuma kashi 30 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 92. Ga 911 Carrera mai rim 19 a gaba da 20 a baya, tayoyin 235/40 ne da 295/35, gefensu milimita 94 da 103. In ka ɗaga zuwa rim 20 da 21, sun koma 245/35 da 305/30, gefe ya sauka zuwa 86 da 92. Tayar Corolla 195/65 tana da 127. Wannan gefen shi ne katifar da ke tsakanin bakin rami da rim. In ya yi ƙaranci, rami ɗaya a hanyar Zariya zai matse taya a jikin rim ya tsinka zaren ciki, gobe ka ga ƙullutu ya fito a gefe, rim kuma ya lotsa ko ya tsage. Taya mai ƙullutu ba ta da gyara. A ɗauki mafi ƙanƙantar rim da birkin motar ya yarda da shi, ko da dillali ya ce ta fi kyau da manya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

A guji rim mai noti ɗaya a tsakiya irin na filin tsere. A Porsche ana ɗaure shi da ƙarfin murɗa na Nm 600, alhali noti biyar na yau da kullum 160 ne. Yana buƙatar sifana mai tsawon fiye da mita, da man shafawa na musamman, da wanda ya san tsarin ɗaurin. Ka yi tunanin faci a Jere ko Kateri da magariba, kana neman mai wannan sifana. A guji kuma tayar filin tsere mai ƙarancin zane irin Cup 2. A busasshiyar kwalta kamar ƙaya take riƙewa, amma a ruwan watan Agusta da ke kwanciya a titi sai ta hau kan ruwan ta yi iyo, sitiyari ya zama ado.

Yawancin motocin nan ba su da safaya. Kwalbar ruwan liƙi da ɗan famfo ake bayarwa, kuma wannan ƙaramin hudar ƙusa kawai yake toshewa, ba ya yi wa yagewar gefe komai. In kamfani na da ƙaramar safaya a jerinsa, a saka. In babu, a sayi cikakken saiti na tayoyi huɗu a zuba a kwantena ɗaya da motar, tunda na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, ba a musanya su. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, a ajiye su a ɗaki mai inuwa nesa da janareta. Kuma kada a bar mai faci ya kusanci rim ɗin da ƙarfen ɓanɓare taya da guduma, domin akwai na'urar auna iska a bayan bawul, bugu ɗaya ke karya ta. Sai wurin da ke da injin cire taya.

Birkin kabon da yumɓu, mai kan rawaya a Porsche, shi ne sarkin kayan gayu. Kuɗinsa a oda ya kai dala 9,000 ko fiye, canza faya-fayan kuma ya fi haka nesa. Amfaninsa na gaske shi ne jure zafi ga mai zagaya filin tsere sau ashirin a jere, da rashin nauyi, da rashin baƙar ƙura a rim. A taka birki sau ɗaya na gaggawa, wanda shi ne abin da ke faruwa in saniya ta faɗo titi, taya ce ke yanke hukunci, faifan ƙarfe mai kyau zai tsayar da kai a inda na kabon zai tsayar. Illarsa a nan ita ce tsakuwa. Ƙwaya ɗaya ta maƙale tsakanin faifai da murfinsa ta isa ta kwarzane shi, kuma in makanike ya saki rim ya daki bakin faifan wajen cire taya, ya ɓantare, shi ke nan. Ba a wanke shi a injin kamar na ƙarfe, ba a ma gane ƙarewarsa da ido, sai an auna nauyinsa ko an sa na'ura ta musamman. Hanyar Abuja zuwa Kano tun 2018 ake aiki a kanta, tsakuwa ba ta yanke ba. Faifan ƙarfe, a saya da saitin takalman birki biyu a ajiye.

Zafi da ƙura su ne abokan zaman motar na kullum. Duk inda aka ga ƙarin lagireto ko babban lagireto a jeri, a danna. Kunshin Z51 na Corvette da kunshin Performance na Mustang GT duka suna ɗauke da ƙarin sanyaya injin da manyan birki, sai dai suna zuwa da ƙafa mai tauri, shi ya sa ya kamata a haɗa su da shokozoba mai maganaɗisu. Lagiretocin irin waɗannan motoci a ƙasan bamba suke, baki buɗe, suna haɗiyar ledar fiya wata da ganyen darbejiya da yashi. Dattin ya taru a lungu, damina ta jiƙa shi, ya ci alminiyon, wata rana esi ya daina sanyi ba ka san dalili ba. Ragar kariya ba sai daga kamfani ba, ana sa ta bayan isowa da kuɗi kaɗan. Matatar iska kuma a lokacin hunturu ba ta jiran kilomitocin da littafi ya faɗa, a riƙa buɗewa ana dubawa. Ruwa kuma, in ya kai rabin rim a juya. Injin da ya shaƙi ruwa sandar fistin yake lanƙwasawa nan take.

A cikin mota, kujera mai hura iska ta fi duk wani ɗinki daraja. Mai ɗumama kujera da sitiyari na mutanen ƙanƙara ne. Kujerar kabon mai zurfi irin ta 'yan tsere ba ta kwanciya baya, ba ta da hura iska, kuma duk wanda ya gwada fita daga cikinta da babbar riga a ƙofar ɗaurin aure ba zai so a maimaita ba. Rufin gilashi yana cin tsayin ciki, mai doguwar hula zai riƙa gogar sama, ga rana a tsakar ka. Fatar da ake lulluɓe dashbod da ita tana ƙanƙancewa a rana ta ɗago daga baki, robar asali ta fi ta haƙuri. Yadin Alcantara a sitiyari yana shan gumi da ƙura, cikin shekara guda ya daskare ya yi sheƙi. Rufin tanti mai buɗewa kuwa, watanni nawa ne a Kaduna za a buɗe shi? Hunturu ƙura, bazara rana, damina ruwa. Ga ramukan zubar ruwa da ƙura ke toshewa, ruwan ya gangara ƙarƙashin kujera inda wasu motocin ke ajiye kwamfutocinsu.

Fenti: fari ko ruwan azurfa, daga cikin launukan da ba a biya musu ƙari ko ake biya kaɗan. Launi na musamman da ake haɗa wa mutum shi kaɗai yana jinkirta oda da watanni, kuma ranar da ɗan acaba ya goge ƙofa babu mai fentin da zai dace da shi. Fenti marar sheƙi ba a goge shi da injin, kartar farce ma sai an sake fesa ɓangaren gaba ɗaya. Launi mai ihu kuma a hanyar Abuja talla ce da ba kowa ke son yi wa kansa ba. Gilashi mai duhu na kamfani ma ba ya hana 'yan sanda tambayar takardar izini.

Giya ba ta da dogon zance. Corvette ta yanzu otomatik ce kawai mai giya takwas. Inda akwai zaɓi, mai bin cunkoson Kawo da Kasuwa kullum ya ɗauki otomatik, mai sha'awar giyar hannu kuma ya tabbatar shi kaɗai zai riƙa tuƙawa, don kulocin ba na koyon mota ba ne.

Fitila ita ce wurin da zan ce a buɗe aljihu. Titunanmu na bayan gari ba su da haske, tirela na mutuwa a tsakiyar hanya da ganye kawai a bayanta. Fitila mai rarraba haske, wadda ke barin doguwar fitila a kunne amma ta duhunta daidai inda mota mai zuwa take, tana kare ka kuma ba ta makantar da na gabanka. Wannan alheri ne ga jama'a, ba kamar fitilun kasuwa da ake liƙawa suna kashe wa kowa ido ba. Sai dai a tambaya da kyau in motar ta Amurka ce, domin sai a 2022 hukumarsu ta halatta irin wannan fitila, kuma an daɗe ana kai musu motoci da aikin a kulle. Kyamarar kewaye da na'urar jin kusanci su ma sun biya kuɗinsu, saboda lambatunmu a buɗe suke kuma daga kujerar motar tsere ba ka ganin hancinta. Amma na'urar riƙe layi tana buƙatar farin layi a titi, mai bin gudun motar gaba kuma za ta riƙa cin birki duk lokacin da Keke ya kutso. Taswirar kamfani da hidimomin intanet na cikin mota galibi ba sa aiki a Najeriya, Apple CarPlay ko Android Auto sun wadatar. Batirin lithium marar nauyi a bar wa 'yan tsere: motar da ke kwana uku-uku a rumfa tana shanye batir, shi kuma in ya mutu sarai ba a tayar da shi da cajar bakin titi. A 911 ma batirin yana cikin but na gaba wanda da lantarki yake buɗewa, in ya mutu sai an ba da wuta ta akwatin fis da ke wajen ƙafar direba kafin a kai gare shi. A sayi cajar da ke riƙe batir a hankali, ta wutar 230, a haɗa ta ta bayan sitabilaiza.

Na bar salansa don ita ce ta fi shafar wanda bai sayi motar ba. A Corvette, salansar tsere tana ɗaga ƙarfi daga dawakai 490 zuwa 495. Biyar. Ba wanda ƙafarsa za ta ji wannan bambanci, abin da ake saye ƙara ce. A unguwar da gidaje ke manne da juna, tayar da irin wannan injin da asuba ko dawowa ƙarfe ɗaya na dare zalunci ne ga mai jinya da mai jariri, ko da ba a yi niyya ba. In ta zo a cikin kunshi ba yadda za a raba, to a tabbatar mai bawul ce, a saita ta ta riƙa tashi a yanayin shiru. Mustang tana da wannan saiti har da sa masa lokaci. Haka na'urar fizgar mota daga tsaye: dokar hanya kilomita 50 ta ba ka a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a titin express, kuma mun ga abin da wasan mota a wajen biki ke jawowa. Uban da zai yi wa ɗansa oda ya dubi wannan layin sau biyu.

Takarda ita ce ƙarshen aikin. Kamfani yakan ba dila gurbin ƙira, ka ba da kafin alƙalami, sannan akwai ranar da ake kulle oda, bayanta ko launin zare ba ya canzuwa. A karɓi jerin lambobin kowane ƙari a rubuce kafin wannan rana, a sake karɓar takardar ƙira mai lambar shasi bayan an gama, a gwada su layi-layi tun motar ba ta hau jirgi ba. A rubuta wanda zai ɗauki asarar canjin dala tsakanin oda da isowa, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin da kwastam ke lissafi da shi ma motsi yake yi. A sa ta a kwantena, kada a bar ta a jirgin da ake tuƙa motoci ciki da waje. Daga tashar Legas a ɗoro ta a babbar mota, a tanadi katakai dogaye na rage gangaren hawa, a ɗaure ta ta tayoyi, ba ta ƙafa ba.

In ta sauka a Kaduna, kafin kowa ya zagaya da ita, a ɗaga ta a leƙa cikin sifirin na gaba da na baya. Kamfanoni da dama suna cusa wasu robobi masu tauri a wurin don kada mota ta yi tsalle a jirgi, kuma aikin dila ne ya cire su kafin miƙa makulli. Motar da ta biyo ta hannun ɗan kasuwa sau da yawa da su take isowa, mai ita ya yi wata uku yana cewa ai haka motar tsere take da tauri, har shokozoba ta fara zubar da mai. A sauke iskar tayoyi zuwa abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, don da iska mai yawa ake shigo da su, a sa kwamfuta ta fitar da motar daga yanayin jigila, sannan a bi abin da littafi ya ce game da kilomitocin farko kafin a taka totur har ƙasa.